An Kankare Sunayensu Daga Bango, Saura Cikin Aji

Duk ɗalibin da ya shiga harabar Kwalejin Jami'a ta Landan, wadda aka fi sani da UCL, yana cigiyar zauren lacca na Galton, to, sai dai ya gaji da yawo. Zauren kam yana nan inda yake, amma tun cikin watan Yunin shekara ta 2020 hukumar jami'ar ta kankare sunan mutumin daga ƙofarsa, ta maye gurbinsa da lamba kawai, wato zaure na 115. A lokaci guda kuma aka sauke sunan Karl Pearson daga jikin wani babban gini da ke daura da titin Gower. Bayan watanni bakwai, a cikin Janairun 2021, jami'ar ta fito fili ta nemi gafara saboda rawar da ta taka wajen reno da yaɗa aƙidar nan da Turawa ke kira yujeniks, wato aƙidar tace irin ɗan'adam, wadda ke cewa ana iya kyautata al'umma idan aka ƙarfafa wa wasu mutane gwiwa su hayayyafa, aka kuma hana wasu, kamar dai yadda makiyayi ke zaɓen bijimin da zai bari a garke.

Kankare suna daga bango aikin yini ɗaya ne. Ɗalibin nan yana zama a kujerarsa ya buɗe littafin ilmin ƙididdiga, sunan da aka cire a waje shi zai fara cin karo da shi a ciki. Kuma lamarin bai tsaya a Landan ba. Duk wanda ya taɓa rubuta kundin kammala digiri a fannin tarbiyya ko tattalin arziki ko aikin gona ko likitanci, a Zariya ne ko Yamai ko Akkara ko Khartum, da wuya a ce bai lissafa ma'aunin dangantaka na Pearson ba, ko gwajin nan da ɗalibai ke kira kai-sikwaya, wanda Pearson ɗin ya ƙirƙiro a 1900, ko kuwa hanyar tantance bambanci tsakanin rukuni-rukuni wadda Ronald Fisher ya shimfiɗa. Da waɗannan kayan aiki ake gwada sabon magani, da su ake gane irin masarar da ya fi albarka. Saboda haka tambayar da ta addabi malaman ƙididdiga da na ilmin halayyar ɗan'adam a Birtaniya da Amurka ita ce: idan aka zo koyar da waɗannan dabaru, a gaya wa ɗalibi maƙasudin da ya sa aka ƙirƙire su, ko kuwa a ba shi lissafi ya kama gabansa?

Ɗalibai ne suka tono maganar. A watan Janairun 2018 wata jaridar ɗalibai mai suna London Student ta bankaɗo cewa tun daga 2014 ake gudanar da wani taro a asirce a cikin ɗakunan UCL, inda ake gabatar da ƙasidu kan fifikon basirar wani jinsi a kan wani. Jami'ar ta ce ba da amincewarta aka yi ba, kuma kafin ƙarshen shekarar ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Farfesa Iyiola Solanke, masaniyar shari'a, domin ya bi diddigin tarihin aƙidar a jami'ar. Rahoton ya fito a Fabrairun 2020, sai dai fiye da rabin 'yan kwamitin sun ƙi sa masa hannu, suka fitar da nasu shawarwarin dabam. Daga cikin ƙorafe-ƙorafen da aka ji akwai cewa an karkata ga batun launin fata har an yi sakaci da talakawa da naƙasassu, alhali kuwa su ne aƙidar ta fi auna a cikin Birtaniya kanta. Ana cikin haka sai kisan George Floyd ya auku a Amurka a watan Mayu, zanga-zanga ta ɓarke, abin da ake jan ƙafa a kansa aka gama shi cikin 'yan makonni. Wata kwaleji a Cambridge ta yanke shawarar cire tagar gilashi mai launi-launi da aka yi domin tunawa da Fisher, ƙungiyoyin masana ƙididdiga na Arewacin Amurka kuma suka janye sunansa daga wata babbar lambar yabo. A Oktoban 2021 ƙungiyar masana halayyar ɗan'adam ta Amurka ita ma ta nemi gafarar abin da magabatanta suka aikata.

Domin a gane dalilin wannan tada jijiyar wuya sai an koma kan Francis Galton. An haife shi a 1822 a gidan masu arziki, kakansu ɗaya da Charles Darwin. A ƙuruciyarsa ya bi kogin Nilu har Khartum, daga baya ya yi yawon bincike a ƙasar da a yau ake kira Namibiya tsakanin 1850 da 1852. Mutum ne da Allah ya jarabce shi da son ƙirga abubuwa. Shi ne ya fara buga taswirar yanayi a jarida, ya kuma tsara yadda 'yan sanda za su riƙa amfani da zanen yatsa. A 1869 ya wallafa littafi inda ya bi asalin manyan alƙalan Ingila na tsawon shekaru kimanin 200, tare da janar-janar da marubuta da masana, ya tarar da yawansu dangin juna ne, sai ya yanke hukunci cewa hazaƙa gadonta ake yi a jini. A cikin littafin ya jera al'ummomin duniya hawa-hawa, ya ajiye baƙar fata hawa biyu a ƙasan Ingilishi. A 1873 ya aika wa jaridar Times wasiƙa yana ba da shawarar a kwaso Sinawa a zaunar da su a gabashin Afirka domin sannu a hankali su maye gurbin masu ƙasar. A 1883 ne ya raɗa wa aƙidar tasa suna.

Abin lura a nan shi ne, dabarun ƙididdigar da ya bari daga cikin wannan buri suka fito. Yana neman sanin gwargwadon abin da ɗa ke gada daga iyayensa, domin ya san ko za a iya inganta iri. A 1884 ya buɗe rumfar awo a wani baje koli a Landan, inda mutane fiye da dubu 9 suka biya kwabo uku-uku aka auna musu tsawo da nauyi da ƙarfin damtse da kaifin gani. A 1886 ya buga nazarinsa kan tsawon mutum 928 da iyayensu daga gidaje 205, ya ga cewa dogayen iyaye sukan haifi dogayen 'ya'ya, amma a jimlace 'ya'yan ba su kai iyayen ba, haka nan 'ya'yan gajeru sukan ɗara iyayensu kaɗan. Ya kira wannan abu komawa baya zuwa ga matsakaici, kuma kalmar da ya zaɓa a Turance tana ɗauke da ma'anar raini, wato komawa ga gama-gari. Har gobe da wannan suna na komawa baya ake kiran ɗaya daga cikin manyan darussan ƙididdiga, ko da kuwa ana nazarin farashin gero ne.

Da zai rasu a 1911 sai ya bar wasiyyar dukiya domin a kafa kujerar farfesa ta wannan aƙida a Jami'ar Landan, kuma almajirinsa Karl Pearson ne ya fara hawanta. A shekarar ce Pearson ya kafa sashen ilmin ƙididdiga na farko a wata jami'a a duniya, a nan UCL. Shi Pearson ya ma fi malaminsa zafi. A wata lacca da ya gabatar a 1900 ya bayyana gwabzawa tsakanin jinsuna a matsayin hanyar ci gaban ɗan'adam. A 1925 ya kafa mujallar Annals of Eugenics, ya buɗe ta da wani dogon bincike da shi da Margaret Moul suka yi kan 'ya'yan Yahudawan da suka yi ƙaura daga Rasha da Poland zuwa gabashin Landan. Sun auna jikin yaran, sun duba tsabtar tufafinsu, batun basira kuwa sun dogara ne da ra'ayin malaman makaranta, daga ƙarshe suka ce a jimlace waɗannan baƙi ba su kai 'yan ƙasa ba, jiki da ƙwaƙwalwa. Shafi bayan shafi na alƙaluma ne, wanda bai san lissafi ba sai ya yi shiru.

A Amurka kuwa masana halayyar ɗan'adam ne suka ja ragama. Bafaranshen nan Alfred Binet ya tsara gwajin basira a 1905 domin a gano yaran da ke buƙatar ƙarin taimako a makaranta, ya kuma yi kashedin kada a ɗauki sakamakon a matsayin wani abu tabbatacce da ba ya canzawa. Da gwajin ya ƙetare teku sai aka juya shi. Henry Goddard ya yi amfani da shi wajen tantance masu raunin hankali, Lewis Terman na Jami'ar Stanford ya sake fasalinsa a 1916, sa'annan a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya Robert Yerkes ya jagoranci gwada sojoji kimanin miliyan ɗaya da dubu 750. Yerkes da Terman duka sun shugabanci ƙungiyar nan da ta nemi gafara a 2021, kuma dukansu sun yi aiki da ƙungiyoyin tace iri.

Abin bai tsaya a takarda ba. Jihar Indiana ce ta fara kafa dokar yi wa mutane tiyatar hana haihuwa ta dindindin bisa tilas a 1907, jihohi fiye da 30 suka bi sahu, aka yi wa mutane sama da dubu 60. A 1927 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai takwas a kan ɗaya, ta halatta a yi wa wata matashiya mai suna Carrie Buck wannan aiki a jihar Virginia, bisa hujjar cewa ita da mahaifiyarta da jaririyarta duk masu raunin hankali ne. Daga baya masana tarihi suka gano cewa fyaɗe aka yi mata a gidan da ake riƙonta aka tura ta gidan naƙasassu domin a rufe asiri, 'yar tata kuwa ta yi makaranta har sunanta ya shiga jerin ɗaliban da aka yaba wa kafin ta rasu tana da shekara takwas. Jamus ta Hitler ta kafa tata dokar a Yulin 1933, aka yi wa mutane kimanin dubu 400, cikinsu har da yara wajen 400 na yankin Rhine waɗanda akasarinsu sojojin Afirka na rundunar Faransa ne suka haife su. Daga 1939 aka wuce nan aka shiga kashe naƙasassu. Suwidin ta yi wa mutane kimanin dubu 63 tsakanin 1935 da 1975. Birtaniya, inda aka haifi aƙidar, ba ta taɓa kafa irin wannan doka ba, amma dokar 1913 ta ba da ikon killace masu raunin hankali a gidaje na musamman, wasu har iyakar rayuwarsu.

To, yaya ake shigar da wannan cikin aji? Shekara da shekaru al'adar littattafan darasi ita ce a sa ɗan hoton Galton a gefen shafi, a ce haziƙi ne ɗan'uwan Darwin, a wuce. Bayan 2020 wasu malamai sun zaɓi su share fage. Alal misali, akwai wasu alƙaluma da kusan kowane mai koyon ƙididdiga da kwamfuta ya taɓa gwaji da su, na awon furannin airis guda 150, waɗanda Fisher ya buga a 1936 a mujallar nan ta Pearson. Wasu masana sun samar da madadinsu, awon tsuntsayen fenguwin 344 daga tsibiran Antatika, malamai da dama kuwa suka rungume su. Babu laifi a cikin haka, tsuntsayen ma sun fi jan hankalin ɗalibi. Amma furanni ba su cuci kowa ba, kuma ɗalibin da aka musanya masa fure da tsuntsu ya fita aji ne bai san komai ba game da mujallar da mutanenta. An dai share ɗaki an tura sharar ƙarƙashin tabarma.

Akwai kuma malaman da ke cewa su ba masana tarihi ba ne, zangon karatu makonni goma ne ko goma sha biyu, manhaja ta cika ta batse, kuma ma'aunin Pearson daidai yake aiki ko mai shi waliyyi ne ko azzalumi. Maganarsu ta ƙarshe gaskiya ce. Sai dai a ganina sun ɗauka tarihin wani kaya ne da za a ɗora a kan darasi, alhali kuwa da wuya malami ya sami misalan da suka fi waɗannan fito da kurakuran da yake so ɗalibansa su guje wa.

A ɗauki alƙalan Galton. Darasin farko da ake koya wa ɗalibi shi ne, tafiyar abubuwa biyu tare ba ta nuna ɗaya ne ya haddasa ɗayan. Ɗan alƙali ya gaji jinin ubansa, haka ne, amma ya kuma gaji kuɗinsa da makarantarsa da ɗakin littattafansa da abokansa masu faɗa a ji, a zamanin da ɗan ma'aikacin ma'adinai ke shiga rami tun yana yaro. Babu yadda alƙaluman Galton za su raba gadon jini da gadon gida. Ɗalibin da aka ba shi wannan ya warware da kansa ba zai manta da darasin ba.

Misali na biyu ya ma fi armashi. A 1923 Carl Brigham na Jami'ar Princeton ya nazarci sakamakon gwajin sojojin nan, ya ga cewa baƙin da suka shekara 20 a Amurka sun fi sababbin zuwa samun maki, kuma makin yana hauhawa daidai da yawan shekarun zama. Duk mai hankali zai ce ai harshe da al'ada suka koya, musamman da yake tambayoyin sun haɗa da sunayen kayan kanti da 'yan wasan ƙwallon Amurka, kuma a ɓangaren hotuna akan nuna filin wasan tanis a ce mutum ya faɗi abin da babu, wato raga. Brigham sai ya fassara abin da cewa baƙin farko daga arewacin Turai suka zo, na baya kuwa daga kudanci da gabashinta, don haka ingancin masu shigowa ne ke raguwa. Shekara guda bayan haka Amurka ta kafa dokar da ta taƙaita shigowar mutanen waɗannan yankuna, ko da yake masana tarihi sun saɓa kan gwargwadon tasirin gwajin a kanta. A 1930 Brigham ya fito ya janye abin da ya rubuta, ya ce ba shi da tushe. Dokar kuwa ta ci gaba da aiki a kan wannan tsari har 1965.

Na uku lissafi ne da ɗalibin shekarar farko zai iya yi a kan allo. Masu aƙidar sun ɗauka raunin hankali ƙwayar gado ɗaya ce ke kawo shi, irin wadda sai an gada daga uwa da uba take bayyana, kamar yadda mai karatu ya san lamarin sikila: mai AS lafiyarsa ƙalau, sai ya haɗu da mai AS kana a iya samun SS. A 1917 Reginald Punnett na Cambridge, da taimakon masanin lissafi G. H. Hardy, ya nuna cewa idan mutum ɗaya cikin 100 ne ke da larurar, aka kuma hana dukansu haihuwa, sai an yi zuriya 22 kafin adadin ya sauko zuwa ɗaya cikin dubu, zuriya 90 kafin ya kai ɗaya cikin dubu 10, domin mafi yawan ƙwayar tana ɓoye ne a jikin masu lafiya. A 1924 Fisher ya mayar da martani da lissafin nan dai, ya ce a zuriya ta farko kaɗai za a sami ragin kashi 17 cikin 100. Duka alƙaluman biyu daidai ne, kowa ya ɗauko wanda ya dace da inda ya dosa. Tushen da suka ɗora lissafin a kai ne ruɓaɓɓe, domin raunin hankali ba ƙwaya ɗaya ke kawo shi ba. Wanda ya tabbatar da haka shi ne Lionel Penrose, bayan ya binciki majinyata 1,280 a garin Colchester ya buga sakamakon a 1938, inda ya nuna dalilan suna da yawa, wasu na gado, wasu na cuta ko rauni ko yanayin rayuwa.

Ga masu koyar da halayyar ɗan'adam kuwa akwai labarin Cyril Burt, wanda ya riƙe kujerar fannin a UCL tun daga 1932. Ya yi suna da nazarin tagwaye masu kama ɗaya da aka raba renonsu, yana cewa basira mafi yawanta gado ce. Bayan rasuwarsa a 1971 Leon Kamin na Princeton ya lura da wani abin mamaki: tagwayen sun ƙaru daga biyu-biyu 21 a 1955 zuwa 53 a 1966, amma ma'aunin dangantakar bai motsa ba daga 0.771. A 1976 wani ɗan jarida ya nemi mata biyun da Burt ya ce su suka taya shi tattara bayanan, bai same su ba. Har yanzu akwai masu kare shi da cewa sakaci ne ba zamba ba, amma babu mai dogara da alƙalumansa. Ra'ayin da ya yaɗa, na cewa ana iya auna ƙwaƙwalwar yaro sau ɗaya a san makomarsa, ya yi tasiri a kan jarrabawar da ake raba yaran Ingila da ita suna da shekara 11. A 1971 wani malami ɗan ƙasar Grenada, Bernard Coard, ya wallafa ɗan littafi da ya fallasa yadda ake tura 'ya'yan baƙar fata 'yan Karibiyan makarantun masu raunin fahimta fiye da kima, bisa irin waɗannan gwaje-gwaje.

Inda gardama ta fi zafi shi ne kan Fisher. Aikinsa a tashar binciken gona ta Rothamsted daga 1919 ya sauya yadda ake gwaji a duniya. Shi ya koya wa masu bincike su raba fuloti ta hanyar ƙuri'a domin kada son rai ya shiga. A 2021 wasu manyan masana, cikinsu har da tsohon ɗalibinsa Walter Bodmer, sun buga ƙasida suna kare shi, suna nuni da cewa hana haihuwa bisa yardar mutum ya goyi baya, kuma ya yi hulɗa ta mutunci da masanan Indiya, ya horar da irin su C. R. Rao. Masu sukarsa kuma suna tuna cewa yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar tace iri ta Cambridge a 1911, ya keɓe babi biyar na ƙarshen littafinsa na 1930 ga wannan batu, a 1948 ya rubuta wasiƙar goyon baya ga Otmar von Verschuer, malamin likitan nan na sansanin Auschwitz Josef Mengele, sa'annan a farkon shekarun 1950 ya ƙi amincewa da matsayin hukumar UNESCO, ya dage cewa jinsunan mutane sun bambanta matuƙa a baiwar hankali ta haihuwa. Wani abin ban takaici, mutumin nan ne a ƙarshen shekarun 1950 ya yi ta jayayya cewa dangantakar shan taba da sankaran huhu ba hujja ba ce, mai yiwuwa gado ne ke jawo duka biyun.

Akan ce ai mutanen zamaninsu ne, kowa haka yake tunani a lokacin. Aƙidar kam ta sami karɓuwa a wurin masu ra'ayin riƙau da masu ra'ayin gurguzu baki ɗaya. Amma ba kowa ba. Tun a 1873 masanin tsirrai ɗan Switzerland Alphonse de Candolle ya ƙalubalanci Galton da cewa ilmi da wadata da yanayin ƙasa ke fitar da masana. Ɗan majalisa Josiah Wedgwood ya yaƙi dokar 1913 a zauren majalisa. Ɗan jarida Walter Lippmann ya yi fito-na-fito da Terman a 1922. A 1924 Horace Mann Bond, wani matashi baƙar fata, ya duba alƙaluman sojojin nan ya nuna cewa baƙaƙen wasu jihohin arewa sun zarce fararen wasu jihohin kudu, kuma makin yana bin ingancin makarantun kowace jiha. Paparoma Pius na 11 ya haramta tiyatar tilas a 1930. Darasin da ya ambaci Terman ya manta da Bond ya faɗi rabin labari, kuma ya hana ɗalibi ganin cewa da kayan aikin ƙididdiga ɗin aka rushe hujjar.

Tsugune kuwa ba ta ƙare ba. Daga 2002 Richard Lynn, wani masanin halayyar ɗan'adam ɗan Birtaniya da ya rasu a 2023, ya riƙa buga jadawalin da ke bai wa kowace ƙasa makin basira, inda ya ajiye ƙasashen Afirka kudu da Sahara a wajajen 70 ko ƙasa da haka. A jadawalin farko ƙasashe 185 ne, amma fiye da 100 daga cikinsu babu wani gwaji da aka yi, daga maƙwabtansu aka kintata. Makin da ya bai wa Equatorial Guinea an gano daga wasu yara ne masu larurar ƙwaƙwalwa a wani gidan kulawa a ƙasar Spain. A 2010 Jelte Wicherts da abokan aikinsa a Jami'ar Amsterdam sun nuna cewa an yi watsi da binciken da 'yan Afirka suka ci maki mai yawa ba tare da wata ƙa'ida ba. Duk da haka alƙaluman sun shiga ƙasidu masu yawa, suna kuma yawo a intanet cikin taswirori masu launi. Ɗalibin Afirka da ke karatu a Manchester ko Chicago zai gamu da su ko ba daɗe ko ba jima, kuma abin da zai kare shi shi ne ya iya tambayar wa aka gwada, mutum nawa, da wane harshe, wa kuma aka bari a waje.

Koyar da wannan yana da nasa nauyi. A cikin ajin akwai naƙasasshe, akwai Bayahude, akwai baƙar fata, akwai 'yar da kakarta ta yi zaman irin gidajen nan, kuma malamin da ya karanto kalaman Pearson gatsau ba tare da shiri ba zai iya yin ɓarna, balle idan ya juya yana kallon ɗalibi ɗaya tilo baƙar fata yana jiran ya yi magana da yawun nahiya guda. Wannan ya sa UCL ta kafa wani shiri na musamman a 2022 domin taimaka wa malamanta su tsara yadda za su shigar da tarihin cikin darussansu.

Canza suna dai ba yau aka fara shi a jami'ar ba. Penrose, wanda ya gaji kujerar Galton a 1945 alhali yana ƙyamar aƙidar, ya sauya sunan mujallar Pearson zuwa Annals of Human Genetics a 1954, ya kuma yi ta fama har aka cire kalmar daga sunan kujerar tasa a 1963. Sunan ya ɓace, labarin ma ya bi shi, sai da ɗalibai suka sake tono shi bayan shekaru fiye da 50. Kayan Galton da na Pearson kuwa suna nan a ajiye a jami'ar, kuma tsohuwar mai kula da su Subhadra Das ta sha fito da su ta ajiye a gaban ɗalibai. Daga ciki akwai wani ɗan dogon akwatin ƙarfe mai ɗauke da silin gashin roba kala 30, kowanne da lambarsa, wanda aka ƙera domin a kara a kan mutum a tantance jinsinsa. A jikin murfin an rubuta sunan wanda ya tsara shi, Eugen Fischer, Bajamushen da ya je Namibiya a 1908 ya auna 'ya'yan auratayyar Turawa da 'yan ƙasa, wanda kuma a 1937 cibiyar da yake shugabanta a Berlin ta taya tantance yaran nan na yankin Rhine kafin a kai su ɗakin tiyata.